Baƙin Daɓen Injiniya Namadi

A kan hanyar da ta tashi daga Kasuwar Daji ta nufi Sakajiki akwai wani ƙauye da ba za a ambaci sunansa a nan ba, domin mutanen da abin ya shafa suna raye, wasunsu ma har yanzu suna ɗingishi idan aka tuna musu. A wannan ƙauye ne wani mutum mai suna Namadi yake zaune, wanda ba ya amsa kira sai an ɗora masa Injiniya a gaban sunan.

Asalin laƙabin shi ne, ya yi wasu shekaru a Abuja yana sayar da shayi da burodi a ƙofar wani fili da ake gina bene. Bai taɓa haura ƙofar ba, domin masu gadi ba sa barin mai tebur ya shiga. Sai dai ya ga motocin siminti suna shiga suna fita, ya kuma saurari hirar leburori idan sun zauna karin kumallo. Da aka gama ginin aka tashi masu tebur, sai ya komo gida da abubuwa uku: hular kwano ruwan ɗorawa, da manyan takalma masu ƙarfe a baki, da wani katako mai ƙwayar ruwa a tsakiya wanda ake gwada daidaiton gini da shi. Ruwan katakon ya daɗe da tsiyayewa, saboda haka duk inda aka aza shi ba ya musu. Takalman kuwa ba ya cire su sai zai yi alwala ko zai kwanta, kuma yana da kyau a riƙe wannan bayani.

Bayan ƙaramar salla, a tsakiyar bazara, Allah ya yi wa Sarkin Maginan garin rasuwa. Kowa ya ɗauka rawanin zai faɗa kan ɗansa Zubairu, wanda ya tashi cikin laka da tubali. Amma Namadi ya je fada ya faɗi gaisuwa, ya ce zamanin laka ya wuce, kuma garin da ke da injiniya bai kamata ya naɗa mai kwaɓa ƙasa da ƙafa ba.

Mai gari Mainasara dattijo ne mai nauyin jiki da nauyin magana. Tun da aka naɗa shi ba wanda ya taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri, har ranar da gobara ta kama rumbunsa tafiyar ƙasaita ya yi zuwa wurin. Ya saurari Namadi har ƙarshe, sannan ya yanke cewa kowane daga cikin masu neman sarautar ya yi aiki guda kafin saukar damina. Shi da kansa zai zo ya gani, ya kuma taka, kamar yadda iyayensa suka saba. Wanda aikinsa ya fi, shi ne Sarkin Magina.

Zubairu ya koma ya ci gaba da ginin wani zaure da ya riga ya fara. Namadi kuwa ya sanar a majalisar mai shayi cewa zai malale gidansa da kankare tun daga zaure har bakin madafi, ta yadda ko tsinke ya faɗi sai an ji ƙararsa, kuma duk wanda ya shiga sai ya tambayi hanyar komawa Zamfara.

Matarsa Rabi'atu ta ce idan daɓe yake so, matan unguwa suna nan. A kawo musu tsakuwa da makuba, a dama musu fura, a raba goro, su zo da madaɓansu su yi waƙa su gama kafin la'asar, kamar yadda aka yi wa ɗakinta da har yau bai tsage ba. Namadi ya ce gidan injiniya ba jaki ba ne da za a taru a kansa da sanduna.

Ya kai bijiminsa Kasuwar Daji ya sayar, ya wuce Ƙaura shagon Matthias, wani mutumin Filato da ya daɗe yana sayar da kayan gini kusa da tsohuwar tashar jirgi. Yayin da ake loda buhunan siminti, Matthias ya ce masa a irin wannan zafi a zuba da sanyin safiya, a rufe da buhuna, a riƙa ba shi ruwa. Namadi ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce tubali da rana yake ƙarfi, tukunya da wuta take ƙarfi, burodi ma sai ya shiga tanda, to don me siminti zai fita daban? Ya ƙara da cewa Turawa suna ba shi ruwa ne domin ba su da rana, mu kuwa Allah ya hore mana ita kyauta. Matthias ya ce to, ya ƙirga buhunansa, ya yi masa fatan sauka lafiya.

A tsakar gidan Namadi akwai wani babban dogon yaro da mahaifinsa ya dasa. A ƙarƙashinsa Rabi'atu take daka, a nan ake ɗaure akuya, kuma idan bazara ta tsananta a nan ake yayyafa wa ƙasa ruwa da yamma a shimfiɗa tabarmi, gida duka ya kwana a waje. Namadi ya jira ranar da Rabi'atu ta tafi barkar haihuwa Moriki, ya kira masu gatari. Da ta dawo ta shigo da sallama, sai ta tsaya tana duban sama, domin ba ta taɓa ganin sararin samaniya da yawa haka a gidanta ba.

"Malam, ina iccen?"

"Injiniya," ya gyara mata. "Saiwa abokiyar gabar kankare ta. Can Abuja in za su gini, icce suka fara kashewa."

"To su mutanen Abujan, ina suka kwana da bazara?"

"Cikin sanyin na'ura."

"Taka na'urar tana ina?"

Ya ce wannan yana cikin kashi na biyu na tsarin. Rabi'atu ta ɗauki turminta ta kai gidan maƙwabci.

Maƙwabcin shi ne Muttaka, taubashin Namadi, wanda katangar ƙasa ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma da yake wasan taubasai ne, ba mai ikon yin fushi. Ranar zubin farko Muttaka ya kifa turmin Rabi'atu a gindin katanga, ya hau, ya ɗora haɓa a kai, ya ce ya zo ɗaukar darasi.

Namadi ya hana a taɓa shebur sai da rana ta take tsaka. Samarin da ya ɗauko aiki suka ce kwaɓin yana daskarewa a cikin kwanon sarki kafin su kai shi inda za a zuba. Ya ce alamar ƙarfi ke nan, su ƙara ruwa su ƙara sauri. Ya bi bayansu yana aza katakonsa nan da can, yana tsugunnawa yana rufe ido ɗaya, katakon kuwa bai ƙi ko'ina ba. Kafin magariba an gama, ya hana kowa takawa, ya kuma gargaɗi Rabi'atu cewa ko ɗigon ruwa ya taɓa daɓen, ita ta ɓata masa sarauta.

Washegari daɓen ya wayi gari a tsattsage kamar gindin tafkin da ya ƙafe. Wata tsagar yatsa yana shiga, wata kuma har kaza ta leƙa. Muttaka ya hau turmi ya daɗe yana nazari.

"Kai, Injiniya, ashe taswira kay yi muna. Ga Ƙaura nan, ga Shinkahi can wajen akurki. Wagga doguwar kuwa hanyar Zurmi ta, har da ramunanta."

Namadi ya ce jahilci ne yake damun Muttaka. Waɗannan layukan numfashi ne, a Abuja da inji ake yanka su a biya kuɗi, shi kuwa nasa sun fito da kansu saboda iya kwaɓi. Muttaka ya ce lallai daɓen yana numfashi, domin ga shi ya buɗe baki ko'ina kamar mai neman taimako.

Da yamma dai Namadi ya ja ragon da yake kiwo domin layya, ya bi da shi ta bayan gari ya sayar. Ya sake bayyana a shagon Matthias, ya ce wani abokinsa ne a wajen Zurmi ya yi daɓe ya tsage, shi ne ya zo ya saya masa siminti domin a yi hawa na biyu. Matthias ya ce a gai da abokin, a kuma gaya masa wannan karon ya ba shi ruwa. Daga nan ya shiga lungun shago ya jawo wasu ƙunshin garin launi baƙi da suka daɗe ba wanda ya taya, ya kaɗe musu ƙura, ya ce wannan ba kowa yake nuna wa ba, na gidajen manya ne. Idan aka barbaɗa a saman danyen siminti aka goge da cokalin gini, daɓe zai fito baƙi wuluk yana ƙyalli kamar sabuwar kwalta. Namadi ya ce ya san shi tun a Abuja, ya kwashe duka.

A hawa na biyu, mutumin da ya hana ɗigon ruwa ya koma ba shi da magana sai ta ruwa. Ya ce ya sake nazari ya gano siminti ɗan uwan shinkafa ne. Ya tare duk masu kurar ruwa na garin tun daga bakin rijiya, har matan unguwa suka yini ba na girki, suna aiko masa da saƙonnin da ba za a rubuta ba. Akwai rariya a gindin katangar gabas wadda ruwan wanke-wanke yake fita ta ciki tun zamanin mahaifinsa. Namadi ya toshe ta da siminti, ya ce rami a jikin aiki aibi ne.

Ruwa ya rasa hanyar fita, sai ya bi gangaren da katakon bai gani ba, ya taru a gindin katangar Muttaka ya kwanta. Agwagin Muttaka, waɗanda rabonsu da iyo tun kaka, suka tsallako suka yi ta shawagi suna godiya. Katangar ƙasa ta sha ta ƙoshi, ranar da ta gaji kuwa sai ta zauna a hankali, ta bar giɓin da mutum ɗaya zai iya wucewa idan ya karkace. Namadi ya tsaya yana jiran faɗa. Muttaka ya leƙo ta giɓin ya ce Allah ya saka da alheri, dama hawan turmi ya fara sa masa ciwon gwiwa. Ya kawo tabarma ya shimfiɗa daidai wurin, a inuwar mangwaronsa, ya ce kada a gyara.

Gaskiya dai ita ce, da ruwa ya janye, daɓen ya yi kyau. Baƙi ne sumul, idan hantsi ya faɗo a kansa har mutum yana ganin inuwar fuskarsa. Mutane suka riƙa zuwa kallo da sassafe bayan an fito masallaci, lokacin da yake da sanyi, suna shafawa suna jinjina kai. Har aka fara cewa Zubairu ya shiga uku. Namadi ya riƙa zagayawa a kai, takalmansa suna ƙwas-ƙwas, yana bayanin yadda zai malale fada, da kasuwa, da hanyar rijiya idan an naɗa shi.

Mutanen gidan ne kaɗai suka san halin daɓen daga hantsi zuwa sama. Kaji suka daina ratsa tsakar gida, sai su bi ta kan katanga. An ga ƙadangare ya sauko, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗaya, ya koma inda ya fito. Rabi'atu ta bar silifas ɗinta na roba a bakin madafi, ta dawo ta tarar sun lanƙwashe. Ko bayan rana ta faɗi, daɓen yakan ci gaba da huci kamar tandar da aka kwashe wa burodi, ya tura zafin cikin ɗakuna. Rabi'atu ta kwashe yara da tabarmi ta giɓin katanga, suka koma kwana wajen matar Muttaka. Namadi shi ma ya ji zafin a ɗaki, amma ya ce bazarar bana ce ta yi tsanani, an faɗa a rediyo.

Da ya ce zai gayyaci mai gari, Rabi'atu ta yi masa magana ta hankali. Ta ce ya kira shi da sassafe, ya gani, ya taka, ya tafi. Namadi ya ce sassafe lokacin masu aikin kunya ne. Shi ranar Juma'a yake so, da an sauko daga masallaci, lokacin da jama'ar ƙauyuka duk suna gari, rana kuma tana dukan daɓen yana walƙiya.

"Malam, ka taɓa taka shi da rana ba takalmi?"

"Injiniya ba shi tahiya ba takalmi wurin aiki. Doka ta."

"To gaban mai gari hwa?"

Bai ji wannan tambaya ba, domin ya riga ya fita neman aron kujera.

Ranar Juma'a aka sauko daga masallaci rana tana tsakiyar ƙarfinta, irin wadda ko jaki yake neman gindin katanga. Mai gari Mainasara ya taho cikin tafiyarsa ta kullum, mai riƙe laima yana biye, sai liman, da dattawan gari, da Arɗon Fulanin da ke zaune a gefen gari, sannan jama'a. A zaure kowa ya tuɓe takalmansa, domin ba a tsayawa gaban mai gari da takalmi. Zauren yana da rufi, daɓensa da sanyi, saboda haka ba wanda ya yi zargin komai. Mai gari kaɗai ya wuce da takalmansa na fata masu kaurin ƙasa, ya zauna a kujerar da aka ajiye masa a tsakiyar fili, daidai inda dogon yaro yake a da.

Dattawan suka shigo da sallama. Wanda yake gaba ya yi taku biyu ya tsaya, ya buɗe baki, ya tuna shekarunsa, ya rufe. Na bayansa suka turo shi. Cikin ɗan lokaci tsakar gidan ta cika da manyan mutane masu furfura, kowa yana sauya ƙafa a hankali yana duban gefe, ba mai son a ce shi ya fara. Wasu suka saki bakin babbar riga ƙasa suka taka. Mai riƙe laima ba shi da hannun da zai yi wannan dabara, sai laimar ta riƙa rawa a kan mai gari. Arɗo ya tsaya ƙyam, fuskarsa ba ta motsa ba, sai dai ya karkata wajen na kusa da shi ya tambaya a hankali ko akwai wuta a ƙarƙashin gidan.

Namadi ya fito daga ɗaki da sabuwar riga da hular kwano. Ya zauna a bakin ƙofa ya kwance igiyar takalmansa a gaban jama'a, ya ajiye su gefe da girmamawa, ya taka daɓensa. Ƙafafun da suka shekara a rufe sun yi laushi kamar na jariri. Abin da ya ji ya hau tun daga tafin ƙafa har cikin haƙoransa. Ya duba baya wajen takalman, ya duba gaba wajen rawanin da yake hange, sai ya taka da sauri ya zube a gaban mai gari, gwiwa biyu da tafin hannu biyu a ƙasa.

"Ranka shi daɗe."

Mai gari ba ya gaisuwar gaggawa. Ya tambayi lafiyar Namadi, da ta iyali, da ta yara ɗaya bayan ɗaya, da gajiyar aiki, da zafi. Namadi ya ce zafi lokacinsa ne. Aka ce liman ya buɗe da addu'a. Liman, wanda aka sani da tsawaitawa har abinci ya huce, ya yi wadda ba a taɓa jin mai gajartarta ba, aka shafa. Sannan mai gari ya gyara zama ya ce, kafin a duba aiki, ya kamata matasa su san tarihin wannan sarauta. Ya fara daga Sarkin Magina na farko, wanda ya zo daga wajen Shinkafi da jaki ɗaya.

Kafin a kai Sarkin Magina na biyu, liman ya tuna yana da magana da Muttaka, ya bi ta giɓin katanga. Wani dattijo ya tafi kiran liman. Wani ya tafi ya ga abin da ya tsare su. Muttaka yana zaune a inuwar mangwaro a kan ƙasa mai danshi, yana yi wa kowa maraba yana matsa masa wuri, har ya sa aka kawo daron da agwaginsa suke sha domin masu bukata.

Namadi yana nan a durƙushe. Ya ɗaga hannun dama kamar zai gyara hula, ya mayar, ya ɗaga na hagu. Ya karkata kan gwiwa ɗaya, ya koma kan ɗaya. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa, kowane ɗigo yana ɓacewa kafin na biyu ya iso. Mai gari ya dakata a tsakiyar Sarkin Magina na uku ya dube shi.

"Namadi, kuka kaka yi?"

"Daɗi na, ranka shi daɗe. Tarihin ga yana taɓa ni."

Mai gari ya ji daɗin wannan amsa, saboda haka ya koma baya ya ƙara wasu bayanai da ya tsallake.

Da ya kammala, ya dubi daɓen dama da hagu, ya ce ido ya gani kuma ido ya yaba. Amma iyayensa sun ce ba a hukunta daɓe da ido, tafin ƙafa shi ne alƙali. Ya miƙa ƙafa, mai riƙe laima ya sunkuya ya zare masa takalman, ya kai su gefe. Mai gari ya tsaya da ƙafafunsa a sama kaɗan, farare tas, waɗanda rabonsu da taka ƙasa tsirara tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke wurin. Ya tambayi Namadi yaya daɓen yake a jiki.

Daga bakin madafi Rabi'atu ta girgiza wa mijinta kai. Daga giɓin katanga dattawa suka zuba masa ido. Kalma ɗaya ta gaskiya da ta wadatar, sai dai a ganinsa kalmar tana nufin miƙa wa Zubairu rawani da hannunsa.

"Sanyi kamar gindin randa, ranka shi daɗe."

Mai gari ya sauke ƙafafu biyu, ya miƙe da dukan nauyinsa.

Waɗanda suka shaida abin sun yi saɓani kan ko ya yi magana. Wasu sun ce ya ambaci sunan Allah, wasu sun ce sunan mahaifiyarsa ya kira. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne, Mai gari Mainasara ya tattare babbar riga har gwiwa ya zura da gudu. Mai laima ya bi shi, laimar tana baya. Arɗo, da ya ga mai gari da kansa ya karaya, ya ce to, ya bi sahu. Namadi kuwa, da ya ga wanda yake durƙusa wa ya tashi, bai ga sauran dalilin zama ba. Ya miƙe ya nufi giɓin, kuma da yake ya fi ƙuruciya, tare suka isa. Giɓin na mutum ɗaya ne idan ya karkace. Mai gari da mai neman sarauta suka cushe a ciki kafaɗa da kafaɗa, kowa yana taka ƙafar ɗan uwansa domin ta fi daɓen sanyi, har sai da wani ɓangaren katangar ya sake haƙura ya zube, suka faɗa gidan Muttaka tare. Hular kwano ta gangara ta tsaya a gaban liman.

Jama'ar da suka hau katangu da rassan mangwaro suka yi tsit, domin ba a yi wa mai gari dariya. Sai aka ji muryar Muttaka cikin ladabi yana cewa a matsa wa mai gari daron agwagi.

A nan, ƙafafunsa cikin daro, agwagi suna kewaye suna jiran a ba su wurinsu, mai gari ya yanke hukunci. Ya ce Zubairu ne Sarkin Magina, ko da zaurensa bai kai rabi ba, domin dai ba a taɓa jin ya gasa kowa ba. Wasu dattawa suka nemi a sa Namadi ya farfashe daɓen. Kafin mai gari ya amsa, Rabi'atu ta aiko daga cikin mata da faranti a rufe. Aka buɗe, sai ga busasshen tumatir ja wur, da kuɓewa, da tattasai. Saƙon da ya biyo farantin shi ne, da safiyar jiya ta yanka su ta baza a kan daɓen ta bayan ɗaki, kafin la'asar sun bushe ƙarau, ba ƙasa ba tsakuwa. Abin da yake ɗaukar mata kwanaki a kan zana, wannan daɓe yana gama shi a yini.

Mai gari ya ɗauki tumatir ɗaya ya juya shi, ya dubi ƙafafunsa, ya ce lallai ya shaida daɓen yana iya wannan aiki. Ya ce ba za a fasa ba. Daga yau matan gari duka su kawo shanyarsu, Rabi'atu ce mai raba wuri. Namadi kuma, tunda sarauta yake so kuma shi kaɗai yake da takalmin shiga, shi zai riƙa tsayawa a tsakiya da rana yana korar awaki da tsuntsaye. Muttaka ya tambaya da wane suna za a kira mai wannan aiki. Mai gari ya ce Sarkin Shanya, kuma ba sai an sayi rawani ba, hularsa ta isa.

Gwiwoyin Namadi sun yi makonni kafin su daina saɓa. Da ya warke, an ji shi a Kasuwar Daji yana gaya wa baƙi cewa tun farko na'urar busar da kayan miya ya tsara, irin wadda ba ta shan mai, kuma mai gari da kansa ya zo ya gwada ta, ya yi mamaki har ya kasa tsayawa wuri ɗaya.

Da damina ta sauka, tsohuwar tsagar nan da Muttaka ya kira hanyar Zurmi ta sake buɗewa ta cikin hawa na biyu, daidai kan kututturen dogon yaro. Wani ɗan tsiro kore ya leƙo ta ciki. Namadi ya gan shi, ya tafi ɗauko fartanya. Da ya dawo ya tarar Rabi'atu ta kewaye tsiron da ƙaya, ta ja turminta ta zauna kusa da shi, taɓarya a kan cinya.

"Wanga kuma mi na?" in ji shi.

"Kashi na biyu na tsarin," in ji ta.

Namadi ya dubi tsiron, ya dubi taɓaryar, ya ce dama yana cikin zane, ya mayar da fartanya inda ya ɗauko ta.